Dabinona ya fara rawaya, in sare shi ko in fesa magani?

Wani bawan Allah daga Kano ya aiko da tambaya. Ya ce shekara bakwai ke nan da ya shuka ƙwallon dabino biyu a tsakar gidansa, duk suka fito suka girma, ya kuma jera wasu bishiyoyin ado huɗu masu santsin jiki a bakin ƙofa. Bana rassan ƙasa na dabinon sun yi rawaya, ga wasu fararen ɗige-ɗige a jikin ganyen, 'ya'yan da ɗayan ya yi kuma ƙanana ne marasa ƙwallo, suka zube tun ba su nuna ba. Yaron da ke yi masa shara ya sassare rassan, ya bar 'yan kaɗan a ƙoli. Uwargida tana tsoron maciji, maƙwabci kuma ya ce saiwar za ta tsaga masa katanga. Yana tambaya ko ya sare ya huta, in kuma zai bari, wane magani zai fesa.

Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Kada ka sare, kuma kada ka yi gaggawar zuwa kasuwa neman magani. A duk abin da ka lissafa, wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne saran da aka yi wa rassan, don haka daga nan zan fara.

Dabino ba irin mangwaro ba ne, ba kuma irin darbejiya ba. In ka sare reshen mangwaro, zai toho ta wani wuri, ɓawonsa ya rufe ciwon sannu a hankali har ka kasa gane inda adda ta shiga. Dabino da 'yan'uwansa, wato kwakwa da giginya da kwakwar manja da waɗannan na adon da ke bakin ƙofarka, ba su da wannan baiwar. Ba su da ɓawo mai yin sabon nama, don haka duk ramin da aka yi a jikin kututturensu yana nan har ranar da bishiyar za ta faɗi. Sannan wurin tohonsu ɗaya ne tak, can a ƙoli tsakiyar rassa, wanda muke kira zuciya. Daga nan kowane sabon reshe yake fitowa. Zuciyar nan in ta ruɓe ko wani abu ya cinye ta, bishiyar ta mutu ke nan ko da saiwarta lafiya lau take. Goriba ce kawai a cikin dangin da muka saba gani take rabuwa biyu tana yin kawuna da yawa. Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa biyu, cewa ciwon dabino ba ya warkewa kuma zuciyarsa ɗaya ce, sauran kulawar duk za ta zo masa da sauƙi, domin yawancin ƙwarin da ke kashe dabino ta ƙofar da mu muka buɗe musu suke shiga.

Reshen dabino yakan rayu shekara uku zuwa bakwai, kuma bishiyar tana fitar da sababbi kamar goma zuwa ashirin a shekara. Ashe dole ne wasu su tsufa su bushe a ƙasa yayin da wasu ke fitowa a sama. Reshe biyu ko uku sun yi rawaya a can ƙasa ba ciwo ba ne. Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: kafin tsohon reshe ya bushe, bishiyar tana janye abincin da ke cikinsa, musamman sinadarin fotash, ta tura wa sababbin. In ka sare shi yana da sauran kore, ka zubar da ajiyarta, sai ta koma ta janye daga na samansa, shi ma ya yi rawaya, a sake sarewa. Haka ake ta bi har a bar bishiya da 'yan rassa kamar tsintsiya, wuyanta ya sirance a wurin, kuma sirancewar ba ta gyaruwa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ka gaya wa yaron nan da kyakkyawan lafazi, domin shi gyara ya yi niyya, cewa daga yau ba a taɓa reshe sai ya bushe ƙamas, kuma duk reshen da ya miƙe a kwance ko ya kalli sama haramiyarsa ne. In za a yanke busasshen, a sa zarto ko lauje mai kaifi, a bar ɗan dungu kamar tsawon tafin hannu, kada a fizgo shi da ƙarfi ya ɗaye jikin kututture. Lokacin da na fi so a yi wannan aiki shi ne tsakiyar hunturu, sa'ad da ƙwari suka yi sanyi. In an gama da bishiya ɗaya a wanke bakin zarton da ruwan bilic kafin a koma ɗayar.

Ka san kuma masu dabino suna lissafin cewa kowane nono ɗaya na 'ya'ya yana bukatar koren reshe takwas zuwa goma da za su ciyar da shi. Bishiyarka yanzu ba ta da su. In ta fitar da fure a wannan shekarar, ka yanke yawancinsa, ka bar ɗaya ko biyu, ta samu ta mayar da ƙarfinta.

Yanzu ka koma ka dubi rawayar da kyau, don launinta yana faɗin abin da ke damun bishiyar. In gefen ganyen ne ya yi rawaya fes tsakiyarsa kuma yana kore, ƙarancin sinadarin maganiziyam ne. In ɗige-ɗige ne ruwan lemo a tsofaffin rassa, bakin ganyen yana ƙonewa, fotash ne ya yi ƙaranci, kuma wannan ya zama ruwan dare a ƙasa mai yashi irin ta gidajenmu, balle inda aka cike fili da ɓaraguzan gini. Wanda ya kamata ya hana ka barci shi ne in sabon reshen tsakiya ne ya fito a murɗe, ko ya bushe, ko ka ja shi ya zaro da wari. Wannan ya nuna abin ya kai zuciya.

Maganin rawaya iri biyun farko, wato na ƙarancin sinadari, taki ne da ruwa. Larabawa suna cewa dabino ƙafarsa a ruwa, kansa a wuta. Mutanenmu sun riƙe rabin maganar, suna ganin tunda bishiyar hamada ce ba ta son ruwa. Ka je Timiya ko Ingal ko Bilma ka gani, duk inda dabino ya yi dausayi akwai ruwa kusa a ƙarƙashinsa. Yana jure ƙishirwa, har ruwan zartsi yana jurewa fiye da yawancin itatuwa, amma jurewa daban, yin 'ya'ya daban. Ka haƙa masa kwari zagaye, faɗin kamar taki biyu daga gindi, ka tara ƙasa a jikin kututturen yadda ruwa zai kewaye shi ba tare da ya taɓa shi ba. A bazara a cika kwarin nan sau ɗaya ko sau biyu a mako, cikawa ta sosai wadda za ta nutse, a hunturu a rage, da damina a bar wa Allah. Yayyafin da ake yi kullum da safe da tiyo, a jiƙa kututture a tafi, cutarwarsa ta fi amfaninsa: ƙasa ba ta sha ba, gindi kuma ya zauna a jiƙe yana laushi. In intalok ko siminti ya matse gindin, a ɗaga a buɗe masa. Ruwan wanki mai omo da bilic kuma kada ya zama shi ne abin shansa. Taki kuwa na gargajiya wanda ya ruɓe sarai ya koma baƙar ƙasa, kwando biyu ko uku a shekara, a binne shi a bakin kwarin, a ƙara da tokar murhu kaɗan-kaɗan saboda fotash ɗin da ke cikinta. In za ka sa na zamani, ka nemi wanda fotash ɗinsa bai gaza ba, kada ka dogara da yuriya zalla.

Na ce wanda ya ruɓe sarai da dalili. Wannan farar tsutsar mai kauri da ke lanƙwashe a cikin juji, gwazarma, wani nau'inta shi ne yake rikiɗa ya zama baƙin ƙwaro mai ƙaho a ka. Da dare yake tashi, ya sauka a ƙolin bishiya, ya huda gindin sabon reshe tun yana naɗe ya sha ruwansa. In reshen ya buɗe sai ka ga an yanke shi a kusurwa kamar da almakashi aka yi. Shi kaɗai ba kasafai yake kashe babbar bishiya ba, amma yana kashe ƙarama, kuma ramin da ya bari ƙofa ce ga wanda ya fi shi sharri. Tulin kashin shanu ko ruɓaɓɓen kututture a lungun gida, nan ne gidan haihuwarsa. A kwashe. In an ga ramin a inda hannu ke kaiwa, a sa waya mai ƙugiya a zaƙulo shi, a cike wurin da yashi.

Wanda ya fi shi sharrin shi ne ƙwaro mai dogon baki kamar hanci, tsawonsa bai wuce gaɓa biyu na yatsa ba. Iri biyu ne suka shafe mu. Akwai namu na Afirka, wanda ya fi yawa a kudu cikin kwakwar manja da tukurwa, har a can ana soya tsutsarsa a ci. Akwai kuma ja, ɗan asalin kudancin Asiya, wanda ya shiga ƙasashen Larabawa na yankin Gulf a tsakiyar shekarun 1980, ya isa Masar a 1992 ta cikin 'ya'yan dashen da aka shigo da su, ya haye Turai, ya ɓulla a Tijikja ta Muritaniya a 2015. Ɓarnarsa ta kai har hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira babban taro a kansa a birnin Rum a 2017. Ɗabi'arsu ɗaya ce. Macen tana jin ƙanshin ɗanyen ciwo a jikin dabino daga nesa, ta zo ta zuba ƙwai, guda ɗaya tana iya yin ɗari biyu zuwa ɗari uku. Tsutsar ta ƙyanƙyashe ta nutse ciki tana ci, daga waje kuwa bishiya kore shar.

Na taɓa zuwa wani gida a Kaduna inda aka kira ni saboda dabino ya karkata. Watanni kafin nan an cire masa 'ya'yan gindi, wato ƙananan dabinon da ke tohowa a gindin uwar, da gatari, aka bar wuraren a buɗe, ga abin fesa wa ciyawa ruwa yana dukan gindin safe da yamma. Da na durƙusa, wari ne ya fara tarbata, irin na tsamin ƙullun da ya kwana uku. Wani ruwa ruwan ƙasa mai yauƙi yana tsatsowa ta wani ɗan rami, a ƙasa kuma ga tattaunannen zare kamar dusa. Na kara kunne a jikin kututturen, ana jin ƙaras-ƙaras a ciki. Na tura sanda sai ta shige kusan kamu guda ba tare da ta gamu da komai ba. Da muka buɗe, ga tsutsotsi farare marasa ƙafa, kowace ta kai babban yatsa, kai ja, ga kuma ƙunshin zare da suka naɗe kansu a ciki za su rikiɗa. Maigidan ya tsaya shiru, ya ce mahaifinsa ne ya dasa bishiyar. Ban manta da wannan tsayuwar ba, shi ya sa nake nanata maganar ciwo. Duk wata ka zagaya gindin bishiyarka ka duba waɗannan alamu, tun daga ƙasa zuwa ƙugunka, domin a dabino nan ne ya fi shiga, kuma ya fi son bishiyar da ba ta kai shekara ashirin ba, irin taka. Kada a buga ƙusa don ɗaura igiyar shanya. Kada a ɗaure rago da waya a jikinsa. Kada a tara shara a gindinsa a cinna wuta, abin da nake gani a gidaje da yawa. Duk inda aka yi yanka a ɗanyen nama, a shafe shi nan take da maganin ƙwari, a liƙe da yumɓu. Sannan kada ka karɓi ɗan dashe da aka tsallako da shi daga wata ƙasa ba tare da takardar jami'an killace tsirrai ba, ko da kyauta ne, ko da an ce maka Ajwa ce daga Madina. Ta irin wannan hanyar ce ƙwaron ya ƙetare teku, kuma ta ita ce cutar bayud, wadda ta kashe dabino sama da miliyan goma a Maroko, take yaɗuwa.

In ka ga alamar tsutsar nan, ka kira malamin gona. Ina roƙonka kada ka bari wani ya ba ka shawarar cusa ƙwayar maganin rumbu a ramin, wannan da ake sa wa buhun wake. Gaskiya ne ƙwararru suna amfani da irinta a gonaki, amma iskar da take fitarwa tana kashe mutum, kuma tsakar gida wurin wasan yara ne da barcin iyali a lokacin zafi. Haka fiya-fiya, ba ta da hurumi a jikin bishiyar da za a ci 'ya'yanta.

Fararen ɗige-ɗigen da ka gani kuwa, kusan na tabbata farin ƙwaron nan ne mai manne wa ganye, wanda ke rufe kansa da ɗan ɓawo kamar ƙwayar riɗi yana tsotsar ruwan ganyen. Tsohon abokin gabar dabino ne a duk faɗin Sahara. Ka sa farce ka murje. In ya bar jiƙaƙƙen tabo a farcenka yana da rai, in ya ɓare a bushe kamar amosanin kai ya riga ya mutu. Ya fi son rassan ƙasa, da inuwa, da ganye mai ƙura, da bishiyar da ƙishirwa ta raunana. A gida ba ya bukatar guba mai ƙarfi. A wanke rassan da ruwa mai ƙarfi daga tiyo, sannan a haɗa man darbejiya ƙaramin cokali ɗaya a lita guda ta ruwa, da ɗan sabulu don ya gauraya, a fesa sama da ƙasan ganye da yamma bayan rana ta yi sanyi. A maimaita bayan kwana goma, sau uku ko huɗu. Dalilin da ya sa ba na son guba a nan shi ne akwai wasu 'yan ƙananan ƙwari masu zagayen baya kamar rabin ƙwayar wake da ke cin wannan farin ƙwaron. Har daga Iran aka taɓa ɗauko wani nau'insu aka saka a dausayoyin Muritaniya, daga baya aka kai yankin Ayar a Nijar, don su rage shi. In ka fesa guba, su ne ke fara mutuwa, shi kuma yana ɓoye ƙarƙashin ɓawonsa, bayan wata biyu ya dawo ya fi da.

Gara takan yi rufin ƙasa a jikin kututture. Galibi bishiya mai ƙishirwa ko sabon dashe take samu. A kankare rufin, a kwashe guntayen katako da busassun rassa daga gindi, a gyara ban ruwa, a bi sawunta a ga inda gidanta yake.

Mu zo kan 'ya'yan da suka zube. Wannan ba ƙwaro ba ne, rashin aure ne. Dabino akwai namiji akwai mace, kowanne bishiyarsa daban. In garin furen namiji bai sauka a kan furen mace ba, za ta yi 'ya'ya amma ƙanana, babu ƙwallo, sau da yawa uku-uku a manne, ba sa nuna yadda ya kamata. Aikin nan na barbara da hannu tsoho ne ƙwarai, shi ne wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar mutanen Madina suna yi, kamar yadda ya zo a hadisin Muslim. Tunda ƙwallo ka shuka, kusan rabin abin da ke fitowa maza ne. Ɗayan naka mun san mace ce. Ɗayan kuma ka jira furensa: na namiji fari ne, a cunkushe, in ka girgiza shi gari yana tashi kamar fulawa, na mace kuwa 'yan ƙulle-ƙulle ne a jere a jikin silli kamar tsakiya. In ya zama namiji ka yi sa'a, domin namiji ɗaya yana isar mata hamsin in da hannu ake yi. In duka mata ne, ka nemi furen namiji wurin masu dabino. A Dutse ta Jihar Jigawa akwai reshen cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa da aka keɓe wa dabino, kuma manoman yankin sun san aikin sarai.

Yadda ake yi: da zarar kuben furen mace ya tsage, cikin kwana biyu zuwa uku, ka ɗauki silli uku zuwa biyar na furen namiji, ka juya kansu ƙasa, ka cusa a tsakiyar furen macen, ka ɗan girgiza, ka ɗaure sako-sako da ganye. Da hantsi ake yi, bayan raɓa ta bushe. In namijin ya riga macen fure, a shanya furensa a inuwa kan takarda, a adana a busasshiyar kwalba cikin firji. A yankinmu dabino yakan yi fure sau biyu a shekara, kuma na rani ya fi kyau, domin ruwan sama in ya samu 'ya'ya suna gab da nuna yakan sa su tsage su yi tsami. In sun fara girma ka ga wata yana kamar saƙar gizo-gizo ta kama ƙura a jikinsu, fatar tana kaushi, wasu ƙwari ne ƙanana da ido ba ya gani sosai. A wanke nonon da ruwa tun da wuri, a baɗa garin farar wuta da sassafe. Da sun fara canza launi, a sa musu riga da tsohon gidan sauro, saboda jemage da tsuntsaye da rina. Kada a sa leda, gumi zai ruɓar da su. Abu ɗaya da zan gaya maka tun yanzu don kada ranka ya ɓaci: dabinon ƙwallo ba ya gado. Ko daga dabino mafi daɗi ka ciro ƙwallon, abin da zai haifa sai an ɗanɗana. Mai son iri tabbatacce ɗan gindi yake dasawa daga uwar da ya sani.

Maganar Hajiya kan maciji gaskiya ce, a saurare ta. Dabino ba ya kiran maciji, amma 'ya'yan gindi in sun yi cunkus, ga busassun rassa, ga 'ya'ya na zuba, ɓera zai tare, maciji kuma ɓera yake bi. Kunama ma tana son ƙarƙashin dungun rassa. Ka bar 'ya'yan gindi uku ko huɗu kawai, sauran a cire. Waɗanda aka bari in sun shekara uku zuwa biyar sun yi saiwarsu, sai a samu wanda ya iya ya raba su da uwar da faffaɗan ƙarfe mai kaifi, yanka ɗaya, a rufe ciwon a take. A riƙa share abin da ya zuba kullum. Ni abin da na fi ji wa yara tsoro ma ƙaya ce. Ƙayar gindin reshen dabino ta kai tsawon yatsa ko fiye, kuma a bishiya mai shekara bakwai daidai idon yaro take. Tsininta yana karyewa a cikin nama, in a gaɓa ne ya kumbura ya daɗe yana ciwo. A bi rassan ƙasa da wuƙa a share ƙayoyin, wannan ba ya cutar da bishiyar. Wanda ta soka a gwiwa ko gaɓar yatsa ko ido, asibiti za a kai shi, a kuma duba maganar allurar tetanus.

Shi kuma maƙwabcinka ka kwantar masa da hankali. Saiwar dabino siririya ce kamar igiya, dubbai ne, kuma ba ta yin kauri da shekaru irin na darbejiya ko ceɗiya da ke ɗaga daɓe. Mafi yawanta tana cikin mita biyu daga gindi. Ba ta tsaga lafiyayyen gini. Inda take ɓarna shi ne in ta samu tsagaggen bututu ko sokawe mai yoyo, sai ta shige ta cunkushe. Haƙƙinsa da ke kanka a sama yake: reshen dabino yana kai mita huɗu zuwa biyar, kada ya leƙa masa gida yana zuba masa shara, kada kuma ya taɓa wayar lantarki. In ya kai waya, ma'aikatan wuta za a kira, kada yaro ya hau da adda.

Na bakin ƙofar, masu jiki kamar ginshiƙin siminti da koren wuya, 'yan ƙasar damshi ne, sun fi dabino shan ruwa nesa ba kusa ba, kuma iskar hunturu tana ƙona musu bakin ganye kowace shekara. Su da kansu suke yar da tsohon reshe, ba a yanke musu. Amma reshen yana da nauyi, in sun yi tsawo kada a ajiye mota ko a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu. Koren wuyan nan kuwa kada adda ta kusance shi, zuciyar tana cikinsa.

Saura tambayarka ta farko. Abu uku ne za su sa in ce a sare: zuciya ta ruɓe har reshen tsakiya ya zaro, ko kututture ya zama kogo ana ƙwanƙwasa shi yana amsawa kamar ganga, ko bishiyar ta fara karkata kwatsam wajen ɗaki. Ba ka ambaci ko ɗaya ba. In har wata rana hakan ta faru, kada a yar da kututturen a bayan gida ko a ba wani ya yi benci da shi. A daddatsa shi ƙanana a ƙone ƙurmus a wajen gari, ko a binne da zurfi, a tone dungun gindin ma, domin tsutsar da ke ciki tana ci gaba da girma a sararren icce, ta fito da fiffike ta nufi bishiyar da ta rage.